Gyaran Tsohuwar Ganga a Bronx: Abin da Ake Sauyawa da Abin da Ba a Taɓawa

Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dokar birnin New York ta ɗora wa masu gidajen haya nauyin ɗumama ɗakuna, kuma da rana, idan sanyin waje ya sauka, ba a yarda zafin ɗaki ya gaza digiri 20 ba. A unguwar Mount Hope da ke Bronx, inda benayen jan bulo na gefen Grand Concourse da titin Tremont suka tsaya tun shekarun 1920 da 1930, tururi ne ke bin bututun ƙarfe yana shiga hita ɗaki ɗaki. Mutane suna jin daɗin wannan ɗumi. Gangar da aka jingina kusa da hitar kuwa, a hankali take shan wahala: itacenta yana bushewa ta gefe guda, fatarta tana ɗamewa fiye da kima, wata rana a wayi gari a tarar kango ya tsage daga baki har zuwa wuya.

Unguwar cike take da mutanen Afirka ta Yamma: Hausawan zangunan Gana, mutanen Nijar da Togo da Najeriya, ga 'yan Gambiya da Gini. A gidaje da dama akwai kalangu ko ganga da wani baba ya zo da ita cikin akwati shekara ashirin ko talatin da suka wuce, ana fito da ita ranar biki ko suna, sauran kwanakin shekara tana saman kwaba ko ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Maƙwabtansu 'yan Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika da Garifuna su ma suna da tsofaffin konga da gangunansu na gado, kuma ciwon da ke kama na waɗannan shi ke kama na waɗancan.

Kada a ɗauka bushewar iska kaɗai ce matsalar. Kalangun da aka sassaƙa a Kano ko Maraɗi ya san hunturu, ya san watannin da leɓe ke tsagewa. Abin da bai saba da shi ba shi ne sauyi na farat ɗaya: a ɗauko shi daga ɗakin ƙasa mai laima a kai shi ɗaki mai hita, ko a bi titi da shi cikin dusar ƙanƙara a shiga zauren biki a hau kaɗawa nan take. Itace yana shan laima ya kumbura, yana fitar da ita ya tsuke, kuma idan waje ya tsuke kafin ciki, sai ya dare.

Duk wanda zai sa hannu a tsohuwar ganga ya fara raba ta gida biyu a ransa. Akwai abin da aka yi domin ya ƙare a sake shi: fata, tsarkiya, maratayi, gula. Makaɗan Mamman Shata ba da fata ɗaya suka yi masa kiɗa har ya rasu a 1999 ba. Fata kaya ce mai cinyewa. Akwai kuma abin da ba ya sakuwa, wato kango: kaurinsa, faɗin bakinsa, ƙuncin wuyansa, da sawun gizagon masassaƙi a cikinsa. A nan muryar gangar take zaune, a nan kuma darajarta take. Yawancin gangunan da suka lalace a hannun masu gyara, ba a fata aka cuce su ba. Wani ne ya ga kango ya yi baƙi ya ɗauko samfefa, ya goge, ya shafa banish mai ƙyalli, ya mayar da gangar kakansa kamar wadda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido.

Tambaya ta farko ita ce: wannan gangar ta kaɗawa ce ko ta ajiya? Amsar ita ke yanke yadda aikin zai tafi. Kalangun da ake so ya koma filin biki, a sake masa fata da tsarkiya ba tare da wani ɗar ba. Amma gangar da aka san wani fitaccen makaɗi ya riƙe ta, ko wadda ta haura shekara hamsin da fatarta ta asali, sau da yawa ya fi kyau a tsabtace ta, a tsayar da lalacewarta, a bar ta haka, a sayi wata don kiɗa. Tamburan fada kuwa, irin na Kano da Katsina da Zazzau, ba kayan mutum ɗaya ba ne. Suna da Sarkin Tambura da mutanensa, su ne suka san lokacin da ake sake musu ƙirgi da yadda ake yi. Idan tambari ya faɗo hannun wani a ƙasar waje, abin da ya kamace shi shi ne binciken inda ya fito, kafin maganar gyara.

Kafin a kwance ko da ƙulli ɗaya, a ɗauki hotuna da waya ta kowane gefe, a matso kusa da ɗinkin fata, da yadda tsarkiya ta shiga ta fita, da inda aka ƙulle ta. A ƙirga layukan tsarkiyar a rubuta. A auna faɗin kowane baki, domin bakunan kalangu biyu ba lalle su zo daidai ba, sai a yi wa kowanne alama da ɗan zare don kada zoben da ke riƙe fatar wannan ya tafi wancan. Idan gangar tana iya magana ko da kaɗan, a naɗi muryarta. Mutum yana ganin zai tuna, amma bayan mako uku da kango a kwance, kunne ya riga ya manta.

Sai a sassauta tsarkiya gaba ɗaya, a ɗaga fatun. A girgiza kangon a hankali a kan farin ƙyalle. Wasu makaɗa suna jefa 'yan tsakuwa ko ƙwayar iri a ciki don ƙarin amo, wasu kuma suna ɓoye laya. Duk abin da ya faɗo a ajiye shi, a mayar da shi inda yake ranar rufewa. Ba shara ba ne.

Idan kuwa abin da ya zubo gari ne mai laushi kamar na tuwo, kuma aka ga ƙananan huji kamar na allura a jikin itacen, to ƙwaro ya shiga. Don a san ko yana nan da rai, a share garin, a ajiye kangon kan baƙar takarda na mako biyu. Sabon gari yana nufin ana ci har yanzu. Feshin maganin sauro ba ya kai wa ga tsutsar da ke can cikin itace, sai dai ya bar wari da tabo. Hanyar da gidajen tarihi ke bi ita ce sanyi: a naɗe kangon cikin leda mai kauri, a fitar da iska gwargwadon hali, a liƙe, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla mako guda, sannan a fito da shi a bar shi cikin ledarsa kwana ɗaya ko biyu har ya dawo zafin ɗaki, don raɓar ta sauka a kan leda maimakon itace. Sharaɗi guda ne ba a tsallakewa: kango tsirara ake sa wa, babu fata. Masu adana kayan tarihi suna gargaɗi a kan daskarar da duk abin da ke ɗame, kuma ganga mai fata tana kan gaba a cikin irin waɗannan kaya.

Fumfuna ta fi sauƙi. A fitar da gangar waje, a sa takunkumi, a kakkaɓe da buroshi mai laushi, a goge itacen da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bar shi ya sha iska a inuwa. Ba a wanke kango a baho.

Tsagewa ita ce babban aiki, kuma a nan ne gaggawa ta fi ɓarna. Kangon da aka ɗauke daga gefen hita aka ajiye a ɗaki mai matsakaiciyar laima, wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, sau da yawa tsagar tasa takan rufe da kanta rabi cikin mako biyu ko uku. Ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada a shagunan kayan gini, kuma ya fi kowane gam amfani. Sai bayan itacen ya natsu ake duba abin da ya rage. A ƙwanƙwasa kangon da gaɓar yatsa a kewaye: lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai tsabta, wurin da ya tsage ko ya ruɓe yana amsawa a dakushe. A shiga ɗaki mai duhu a sa tocila a ciki, hasken zai tona tsagar da ido bai gani ba.

Siririyar tsaga, wadda bakinta ke haɗuwa idan an matsa da hannu, gam kawai take so. A share ƙurar cikinta da buroshi, a ɗura gam da sirinji ko a tura shi da yatsa har ya ɓullo ta ciki, sannan a matse. Ba a buƙatar matsin kafinta, wanda ma yakan murƙushe kango mai siriri. A yanka tsohuwar robar cikin tayar keke dogaye, a naɗe wurin zagaye bisa zagaye. Ko a ɗaura igiya a kan ƙyalle, a sa ɗan sanda a murɗa a hankali har gam ya tsatso. A goge abin da ya fito da ɗanyen ƙyalle, a bar shi kwana guda cur.

Wane gam? Wanda ake dafawa daga fatar dabba, irin na masu gyaran goge da garaya na Turai, shi ya fi dacewa da tsohon kaya. Yana bushewa da tauri, ba ya danne amo, kuma babban alherinsa shi ne ɗumi da ruwa suna kwance shi, don haka wanda zai zo gyara bayan shekara talatin zai iya buɗewa ya sake. Yawanci daga fatar shanu ake yin sa, akwai kuma na kifi ga mai son ya kauce wa shakka. Farin gam na kafintoci yana riƙewa, ba laifi a gangar kiɗan yau da kullum. Abin da ya kamata a nisanta shi ne gam mai haɗi biyu da ke daskarewa kamar dutse, da ɗan ƙaramin nan mai kamawa nan take. Su ba sa motsi tare da itace. Idan damina ta zo kango ya kumbura, sai ya tsage a gefen gyaran, kuma cire su sai da sara.

Tsagar da ta buɗe baki har tsinken ashana yana shiga, kada a tilasta mata rufewa. Itacen ya riga ya sami sabon zama, matse shi nan zai buɗe shi can. Ana fiƙe siririn itace mai kama da na kangon a nauyi da launi, a shafa masa gam, a cusa, bayan ya bushe a daidaita shi da wuƙa mai kaifi. Idan an tarar da tsohon gyara, misali an ɗaure wuyan kalangu da ƙirgi ko an ɗinke tsaga da waya, kuma yana riƙe, a ƙyale shi. Hannun wani makaɗi ne, ya zama cikin tarihin gangar.

Dalilin wannan lallaɓawa duka shi ne tsohon itace ba ya samuwa a kasuwa. Alilliba, wadda masassaƙa suka daɗe suna so saboda rashin nauyi da kyan amo, ba ta da yawa kamar da. Madobiya kuwa, da aka sare ta babu ƙaƙƙautawa ana lodi zuwa Sin, tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Kangon da ya shekara arba'in yana bushewa a hankali ya wuce abin da kuɗi ke saya da sauri.

Bakin kango, inda fata ke kwanciya, shi ne wuri mafi hatsari ga mai gyara. A kifa shi a kan gilashi ko marmara mai santsi, a sa tocila a ciki. Inda haske ya fito, bakin bai daidaita ba. Ɗan karkacewa ba komai, ɗanyar fata tana bin siffar baki idan ta bushe a kansa. Wannan ma yana cikin fifikonta a kan fatar roba. Abin da ke yaga fata shi ne tsini da ɓalli. Tsini a kwantar da shi da samfefa mafi laushi, shafa biyu ko uku, a tsaya. Ɓalli a cike shi da garin itace da gam. Sannan a goga kakin zuma kaɗan a kewaye don fata ta riƙa zamewa lokacin da hammata ke matsa tsarkiya. Wanda ya rage tsawon baki ko ya fiƙe shi ya sauya muryar gangar har abada. Cikin kango kuma ba a gogewa, ba a fenti. Wannan kaushin da gizago ya bari yana cikin abin da ya sa kalangu biyu masu girma ɗaya ba sa magana iri ɗaya.

Waje kuma ƙyalle mai laushi ya isa. Baƙin da gumi da hannu suka bari a wuyan kalangu shaidar shekaru ne. Idan itacen ya yi fari fat don bushewa, ɗan man kaɗanya a tafin hannu, a murza, a goge ragowar. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, kuma sai bayan an gama duk aikin gam, domin gam ba ya kama wurin da mai ya taɓa.

Yanzu fata. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne sayen jemammiya. Fatar da majema suka jiƙa da bagaruwa, irin wadda dukawan Kano ke ɗinka jaka da takalmi da ita, ta yi laushi, ba ta ƙara. Ganga ɗanyar fata take so, wadda aka kankare aka shanya kawai. Kalangu da kotso da taushi suna son fatar akuya, kuma kalangu ya fi son mafi siriri, ta ƙaramar dabba ko ta gefen ciki, domin ita ke bin matsi ta hau ta sauka yadda kiɗan zai fito da kirari. Manyan ganguna da tambari ƙirgin sa ne. A ɗaga fatar a hasken taga: a guji tabon ƙaya, da sawun wuƙar mai fiɗa, da wurin da kaska ta ci. Fatun bakuna biyu su zo kusa da juna a kauri, in da hali daga dabba ɗaya.

Akwai maganar da ba a wasa da ita a nan. A watan Fabrairu na 2006, wani makaɗi ɗan Kwaddibuwa mazaunin New York ya kamu da cutar antiraks ta huhu, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, bayan ya kankare gashin busassun fatun awaki da ya shigo da su daga gida, a wani ɗakin aiki marar iska a Brooklyn. Ya sha da ƙyar bayan doguwar jinya. A 2008 wani mai haɗa ganguna a Landan bai tsira ba. Ƙwayar cutar tana iya zama a busasshiyar fata shekaru, kuma ƙurar kankara ce ke kai ta huhu. Cutar ba ta ƙare a gida ba, don a watan Yulin 2023 hukumomin Najeriya sun tabbatar da ita a wata gona a Suleja. Saboda haka roƙon ɗan'uwa ya saƙo fata cikin akwati ba dabara ba ce. Dokar Amurka ma ta ce a bayyana ɗanyar fata ga jami'an kwastan, kuma suna iya riƙe ta. Masu sayar da kayan konga da jembe a Amurka suna da fatar akuya da ta sa wadda aka sarrafa, a kauri daban-daban. Mai son ya yi da kansa kuma, mayankan halal na Bronx suna yanka awaki kullum, balle lokacin Babbar Sallah. A karɓi fatar da ɗumi, a kankare nama da kitse tas, a miƙe ta a kan katako da ƙusoshi, a shanya a inuwa. Idan an zuba mata gishiri, a wanke shi sosai kafin ɗaurawa, don gishiri yana jawo laima ya sa ganga ta yi sanyi duk ranar da aka yi ruwa. Aske gashi kuwa a yi shi fata tana jiƙe, a waje ko gaban buɗaɗɗiyar taga, da takunkumi da safar hannu.

A jiƙa fatar a ruwan sanyi. Siririyar fatar akuya awa biyu zuwa huɗu ta ishe ta, ƙirgin sa yakan kwana ko ya fi. Ruwan zafi yana dafa fata, ta tsuke ta yi tauri, ba ta ƙara komawa daidai. Idan ta yi laushi kamar ƙyalle, a matse ruwan da tawul, a shimfiɗa, gefen gashi yana kallon waje, a yanka da'ira wadda ta fi zoben faɗi da kamar yatsu uku a kewaye.

Tsohon zoben, in bai karye ba, shi za a mayar, domin an yi shi daidai da wannan bakin. A naɗe gefen fatar a kansa, a kama da ɗinki huɗu tukuna, gabas da yamma, kudu da arewa, sannan a cike tsakani da basilla, ana bin tazarar tsohon ɗinkin da aka ɗauka a hoto. Kada a ja fatar ta ɗame a wannan mataki. Ya kamata tsakiyarta ta ɗan lotsa idan an danna da yatsa, domin za ta tsuke da kanta in ta bushe. Fatar da aka ɗaura a ɗame tana jiƙe, ko dai ta yage a daren farko, ko ta bushe da murya ɗaya tak, mai tsini, wadda matsi ba ya sauyawa. Kalangun da ba ya sauka ƙasa ya rasa rabin harshensa.

Tsarkiya ta fata ita ce asali, kuma tana da dalili. Tana da ɗan kaushi da ke kama hannu da riga, tana miƙewa kaɗan ta dawo. Igiyar nailan ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin samu, amma tana da santsi, tana cin fatar hannu, ƙullinta yana zamewa, kuma tana iya yanka bakin zobe. A gangar da za a yi ta dukanta a makaranta ko wajen atisaye, nailan ba aibu ba ne. A tsohon kalangu mai daraja, a nemi tsarkiyar fata. Tsohuwar ma sau da yawa ba ta mutu duka ba: a jiƙa ta kaɗan, a murza mata ɗan mai, a yanke inda ya ruɓe, a ƙara sabuwa a ƙulla. Wajen zargawa a bi sau biyu ko uku, zagayen farko sako-sako, ana duba zobunan biyu suna zaune daidai ba su karkace ba, sannan a riƙa ɗan ja a kowane zagaye.

Daga nan sai haƙuri. A tsayar da gangar a inuwa, nesa da hita da taga mai rana, kwana biyu zuwa uku ga fatar akuya, mako guda ga ƙirgi. Makaɗa a gida suna gasa ganga a bakin wuta ko su shanya ta a rana kafin wasa, amma wannan ga busasshiyar fata ce da sanyin safiya ya sassauta, kuma hannunsu yana kan fatar suna jin zafin. Sabuwar fata da aka busar da na'urar busar da gashi tana bushewa a tsakiya gefe yana jiƙe, ta yi ƙwanƙwaro. Ranar farko da gula, a yi a hankali, matsi kaɗan kaɗan. Sai bayan mako biyu na kiɗa muryar take zama, a lokacin ne za a saurari abin da aka naɗa tun farko a gwada.

Kotso, gangar da aka san Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da ita, da taushi irin na Salihu Jankiɗi, suna da naken da ake mannawa a tsakiyar fata. Wannan ɗan baƙin danƙo yana ƙara wa tsakiyar nauyi, ya saukar da murya ya ba ta zurfi. Mai gyaran da bai sani ba yakan ɗauka datti ne ya kankare. Idan za a sake fata, a ɓamɓare tsohon nake a ajiye, a auna faɗinsa, a ɗumama shi a yatsa a mayar kaɗan kaɗan ana kaɗawa ana saurare. Haka siririn zaren da aka gindaya a kan fatar ganga, wanda ke ba ta zuga: ya kwanta a kan fata ba tare da an ɗame shi ba. In ya yi tsauri sai ya shaƙe ta, in ya yi sako-sako sai ya yi shiru.

Ƙaramin huji a gefen fata, wanda bai kai wurin da gula ke sauka ba, ana iya lallaɓa shi da ɗan facin siririyar fata ta ciki da gam ɗin fata. Zai kai mutum ƙarshen biki. Yagewar da ta ratsa tsakiya ba ta da magani sai sabuwa.

Wannan ka'ida ta raba mai cinyewa da marar sakuwa ita ce dai ke aiki a gangunan Turawa, kuma New York gidansu ne. Kamfanin Gretsch, wanda Friedrich Gretsch ya kafa a Brooklyn a 1883, shi ya ƙera gangunan da Max Roach da Art Blakey da Elvin Jones suka yi kiɗan jaz da su, kuma har yau ana tsintar irinsu a ɗakunan ajiya. Kafin 1957, lokacin da Remo Belli ya yaɗa fatar roba, fatar maraƙi ake naɗawa a zobe kusan yadda ake yi wa kalangu. Masu tara irin waɗannan kaya abu uku suke fara dubawa: tambarin kamfani na asali yana nan, ba a sake rufin jikin ba, ba a huda sabon rami don ɗaura wani ƙarfe ba. Huji ɗaya na banza yana zubar da farashi ƙwarai. Tsofaffin Gretsch ma sukan ɗan fi ma'aunin yau faɗi, fatar zamani ta ƙi shiga, sai wani ya goge kangon don ta shiga. Alhali kamfanin Remo yana yin fata ta musamman mai faɗin zobe domin irinsu. Ƙarafan jiki a wanke su da ruwan sabulu a busar, a ɗiga mai a zaren noti, kowane sukuru a sa shi a leda da sunan inda ya fito, ko da an maye gurbinsa da sabo. Konga kuma da falle-fallen katako ake haɗa ta, don haka tsagarta yawanci a layin haɗi take, wadda gam da ɗaurin igiya ke rufewa cikin sauƙi.

A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon gangunan kamfanin Ludwig na makaɗi Ringo Starr a kan fiye da dala miliyan 2. Katako da ƙarfen ba su fi na dubban irinsu ba. Abin da aka saya shi ne tabbacin wanda ya kaɗa su da lokacin da ya kaɗa. Gangunan Hausa sun fi fama da rashin wannan tabbaci fiye da tsagewa. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a littafin da suka fitar a 1971, amma littafi ba zai faɗi wane masassaƙi ya fafe wannan kalangun ba, a wane gari, wa ya riƙe shi a gidan mahauta ko filin dambe, wa ya hau jirgi da shi. Dattijon da ya sani yana nan a falo. A tambaye shi, a rubuta a takarda, a haɗa da hotunan kafin gyara da na bayansa, da ranar da aka sake fata da irin gam ɗin da aka sa. Tsohuwar fatar ma, in gangar mai tarihi ce, a naɗe ta cikin takarda a ajiye tare.

Wajen ajiya, a zaɓi bangon da babu bututun tururi a jikinsa, a ɗaga gangar daga ƙasa, a sa ta a jakar yadi maimakon leda. A sassauta tsarkiya ko noti kaɗan da shigowar Oktoba, kafin a kunna hita, domin fata za ta ɗame da kanta. Idan ma'auni ya nuna laima ta faɗi ƙasa da kashi 35, a kunna na'urar ƙara laima, ko a sa jiƙaƙƙen soso cikin buɗaɗɗen kwano a kwabar, ba tare da ya taɓa itace ba. A watan Yuli da Agusta kuma, lokacin da iskar birnin ke yin nauyi, a riƙa fito da ita tana shan iska ana duba fumfuna. Ranar biki cikin sanyi, a isa zauren da wuri, a bar gangar cikin jakarta kamar rabin awa kafin a buɗe a ɗame ta.